Addu'ar da ke Layi na Ashirin da Huɗu

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan an tashi daga sujada, na ji ɗaya daga cikinku yana cewa aikin sutudiyo yanzu ba komai ba ne, wai da waya ma mutum zai ɗauki waƙa a cikin motarsa kafin ya isa unguwar Sedgefield. Ina bayanku a lokacin, ina naɗe wayoyin makirfo da kuka watsar a ƙasa kamar taliya. Da na buɗe baki da sai fasto ya fito daga ofis. Shi ya sa na zauna na rubuta. Sunana Istifanus, ku kuna ce mini Baba Sauti. Na fi shekara talatin ina ɗaukar waƙa a garin nan na Greensboro a Amurka, kuma har yau raina a ɓace yake kan abin da ya sami tef ɗin Mama Rifkatu. Wanda ya ga dama ya karanta.

Aikina na farko a sutudiyon Mista Harlan naɗe waya ne. Bature ne dogo, siriri, marar fara'a, wurinsa yana wani tsohon ginin masaƙa mai hawa uku a bayan Elm Street, kusa da layin dogo. Ni kuwa karatu ya kawo ni ƙasar nan, karatun ya ƙi ni, na je masa da taƙamar na taɓa aiki a gidan rediyo a Kaduna. Ya miƙo mini waya ɗaya ya ce in naɗe. Na naɗe ta a gwiwar hannu yadda ake naɗe igiyar guga. Ya karɓa, ya riƙe bakinta, ya wurga ta tsakiyar ɗaki, ta faɗi a cukurkuɗe. Ya naɗe wata da kansa, zagaye ɗaya gaba, ɗaya baya, ya wurga, ta miƙe sambal har bango. Ya koma kujerarsa. Wata shida na yi ina naɗe waya, ina shara, ina goge kawunan injin tef, wato ƙarafan da tef ke bi ta kansu, da auduga da sifirit kowace safiya, kafin ya yarda in taɓa maɓalli ɗaya.

Ku da ba ku taɓa ɗaga tef ba, bari in gaya muku yadda yake. Faɗinsa inci biyu, a naɗe kan faifan ƙarfe, sai da hannu biyu ake ɗaukarsa. Fuskarsa ɗaya shafe take da wani gari ruwan ƙasa wanda aka manne da gam, kuma cikin garin nan sauti yake zama. An raba faɗin tef ɗin layi ashirin da huɗu: ganga da nata, jita da nata, murya da nata. In ka danna jan maɓalli a kan layin da ba shi ba, abin da ke wurin ya tafi ke nan. Babu maɓallin komawa baya irin wanda kuke dannawa sau hamsin a minti ɗaya kuna taunar cingam.

Ranar da Mista Harlan ya fara ba ni reza, wani makaɗin ganga ne ya kaɗa farkon waƙa da kyau a ɗauka ta uku, ƙarshenta kuma a ta bakwai. Mista Harlan ya ce in haɗa su. Ana juya faifan da hannu ne a hankali, gaba da baya, har kunnenka ya kama daidai inda sanda ta sauka kan fata, ka sa alama da farin fensir, ka kwantar da tef ɗin a mazauninsa, ka yanka a karkace. In ka kauce da faɗin farce, kiɗan zai yi tuntuɓe, kowa zai ji, kuma ba ka da wani tef ɗin. Makaɗin yana tsaye a kaina yana huci. Na yanka, na manne, aka kunna, bai ji wurin ba. Mista Harlan ya ce, “To.” Iyakar yabon da na samu a wurinsa ke nan a shekarar.

Waƙar da nake son ba ku labarinta ta wasu samari huɗu ce masu dogon gashi, ɗaya mai gyaran rufin gida, ɗaya mai sayar da taya, sauran biyun ban taɓa sanin aikinsu ba. Kiɗan rok suke yi, mai ƙara, irin wanda jita ke ruri. Kun san waƙar ko ba ku san kun sani ba. Ita ce ake sakawa a filin ƙwallo na cikin gari in 'yan gida sun ci, kuma gidajen rediyon tsofaffin waƙoƙi ba sa yini ba su juya ta ba. Ba zan faɗi sunanta ba. Ba su sa nawa a bayan faifan ba, ni ma ba zan sa nasu a takardata ba.

Gangunan waƙar nan a gindin matakalar bene muka ɗauke su. Ni na sauko da su ɗaya bayan ɗaya. Matakalar ta siminti ce, ta miƙe har hawa na uku, in ka yi tari a ƙasa sai ya je sama ya dawo. Mista Harlan yana da doka ɗaya wadda ba ya karyawa: kowane abu makirfo biyu, ɗaya kusa, ɗaya nesa. Yakan ce na kusa mutum yake ji, na nesa wuri yake ji. Na hau tsani na rataye na nesan a hawa na biyu, muka yini muna ɗaga shi muna sauke shi taku ɗaya-ɗaya, muna tsayawa duk sa'ad da jirgin ƙasa ya zo wucewa. Jitar kuwa sau biyu aka kaɗa ta, iri ɗaya, aka jefa ɗaya kunnen dama ɗaya na hagu, a ta biyun muka ɗan rage gudun tef don kada su kwanta daidai kan juna. Wannan kaurin da kuke ji, wanda kuke nema a cikin laftof ba ku samu ba, daga nan ya fito.

Sai amshi ya ƙi. Suna son a ji kamar taron jama'a na tafi, su kuwa su huɗu ne. Suka tafa, muka ɗauka, suka sake, muka ɗora, har sau takwas. Aka kunna, sai ka ce mutane suna kashe sauro. Hannu ɗaya ne, ko sau ɗari ka maimaita shi ba zai zama taro ba. Mawaƙin ya fara zagin makaɗi, makaɗi ya fara zagin inji. Ni da ba a tambaye ni ba na ce, “Na san masu tafi.”

Ranar Asabar da rana na kawo matan zumunta na cocinmu, su bakwai ne kaf a lokacin, cikin atamfa iri ɗaya. Shugabarsu Mama Rifkatu, mace gajera mai ƙarfin murya, tana aikin kula da tsofaffi a gidajen unguwar Irving Park. Na miƙa mata hedifon, abin sauraren nan da ake kifawa a ka. Ta dube shi, ta dube ni.

“Istifanus, kai da Baturenka lafiyarku ƙalau? Awa guda na yi ina ɗaura ɗankwalin nan.”

“Mama, sai da shi za ku ji kiɗan.”

“A coci da shi muke ji? Ka kunna mana a lasifika kawai.”

Na fassara wa Mista Harlan ina jiran ya kore mu duka. Sai ya ce in sauko da ƙaramar lasifika in rage ta ƙasa-ƙasa. Layi biyu kacal suka rage a tef ɗin. Makirfo na kusa ya hau layi na ashirin da huɗu, wanda ke can bakin gefe, na nesa da ke rataye a sama ya hau na goma sha biyu, a tsakiya. Ku riƙe wannan.

Mama Rifkatu ta ce ba wanda zai ɗaga hannu sai an yi addu'a. Mista Harlan kuwa al'adarsa ce ya saki tef tun mutane ba su shirya ba, don ya ce abu mai kyau yakan zo kafin mutum ya san ana ɗauka. Haka addu'ar ta shiga, da Hausa, a farkon tef kafin kiɗa ya fara. Ta roƙa wa ginin albarka. Ta ce, “Ubangiji, ga 'ya'yan nan masu gashi, kai ka halicce su, kai ka san abin da suke rerawa.” Sannan ta kira 'ya'yanta da suna, Bitrus, Hannatu, Yohanna, ta ce, “Da 'yar autata Saratu da na bari a Kafanchan wurin kakarta, ka buɗe mata hanya ta zo in gan ta da idona.” Matan suka ce amin, matakala ta amsa.

Ɗauka ɗaya suka yi. Huɗu suna tafi kan bugun ganga, uku suna shiga tsakani, yadda muke yi a gida ba tare da kowa ya koya wa kowa ba. Makaɗin ya ɗaga hannu wai sun kauce, Mista Harlan ya ce masa ya rufe baki. A amshi na ƙarshe abin ya shiga jikin Mama Rifkatu, ta saki guɗa, guɗar ta hau benen nan har sama ta dawo. Tana nan a waƙar. Kwanan baya na ga wasu a intanet suna gardama, ɗaya yana rantsuwa ya san na'urar jitar da ta fitar da wannan ƙarar. Na'urar tana da ɗankwali, kuma da aka gama ta tambaye ni inda za ta kama bas.

Mummunar shekara ta zo mana ne sa'ad da kowane mai gareji ya sayi kwamfuta ya kira kansa injiniya. Masu zuwa suka ɗauke ƙafa. Sai mu yi mako ba a buga ƙofa ba, ina goge kawunan injin da babu abin da ya bi ta kansu. Cikin shekarar Mista Harlan ya sami shanyewar ɓarin jiki, aka sayar da ginin za a mai da shi gidajen haya. Na zo wata safiya na tarar da leburori suna jefa tef-tef cikin ƙaton kwandon shara daga tagar bene, aikin rayuwar mutum, suna dariya in faifai ya fashe. Na shiga kwandon da ƙafata na tsamo abin da na iya, har da tef ɗin waƙar nan. Injin kuma mu biyar muka ɗora shi a motar coci, muka sauke shi a ɗakin ajiya na ƙasan cocin, inda yake har yau. Daga nan na koma saka lasifika a gidajen masu hali, don su riƙa jin waƙa a banɗaki.

Bara Mama Rifkatu ta rasu. Saratu ta daɗe da zuwa ƙasar nan, ta yi aure, ta haifi Danjuma, wanda kuka sani, mai digiri biyu a kwamfuta, shi ke riƙe da miksar coci, na'urar daidaita sauti. A wurin gaisuwa na gaya mata akwai addu'ar nan, kuma uwarta ta kira sunanta a ciki. Ba ta taɓa ji ba. Ta kama hannuna ta ce, “Baba, ko sau ɗaya ne in ji.” Na yi mata alkawari za a saka a sujadar tunawa in shekara ta zagayo.

Ga nawa laifin, ba zan ɓoye ba. Tef na wancan zamanin, in ya daɗe a ajiye, gam ɗinsa yana shan raɓa, musamman da zafin jiharmu ta Carolina mai ɗanko. Ya yi laushi ke nan. In ka kunna shi a haka, garin zai riƙa kankarewa yana mannewa a kan ƙarfe, sautin yana zubewa ƙasa. Dole a gasa shi tukuna, a zafi kaɗan, ya bushe. Na san wannan kamar sunana. Ban rubuta a kwalin ba, ban gaya wa kowa ba, na yi ta cewa sai na sami natsuwa. Sai aka yi mini aikin gwiwa, na kwanta a gida.

Kwamitin sujadar ya zauna ba ni. Dattawa uku, da Danjuma. Suka ce Baba yana jinya, bai kamata a ɗaga masa hankali ba, yaro ya yi aikin a ba Baba mamaki. Irin namu ke nan. Za mu gaishe da tsoho sau goma, mu durƙusa masa, mu kai masa lemo, amma ba za mu yi masa tambaya ɗaya ba, wai kada a wahalar da shi. Danjuma ya kalli bidiyo a intanet, ya zura tef ɗin daidai, wannan kam na ba shi. Ya kunna. Injin ya fara ƙugi, muryar ta dushe. Ya ɗauka waya ce ta saki, ya mai da baya, ya sake kunnawa. Sau biyar. Sannan ya kira ni.

“Baba, sorry to bother you, tef ɗin nan yana wani irin kuka, kuma sound ɗin yana ɗaukewa.”

“Wane tef?”

“Na Kaka.”

“Cire hannunka. Kada ka danna komai. Ka ja da baya ka tsaya inda kake.”

Matata ta tuƙo ni, na sauka matakalar nan da sanda, gwiwata tana ihu. Kawunan injin sun yi dumu-dumu da gari ruwan ƙasa, wani ya zuba a kan faranti kamar an kankare tsatsa. Na sa auduga na goge, ta fito baƙa ƙirin. Na ajiye ta a kan murfin kwalin. Na yi fushi irin wanda ban taɓa yi a cikin gidan Ubangiji ba, kuma na faɗi maganganun da daga baya na je wurin fasto a kansu. Dattijo Bulus, shugaban kwamitin, ya ce, “Baba Istifanus, ka yi haƙuri, don girmamawa muka yi.”

Na ce, “Dattijo, waya ɗaya. Minti ɗaya. Gwiwa aka yi mini aiki, ba baki ba.”

Da injin busar da kilishi na matata na gasa shi. Sau uku na wanke injin saboda yaji. Kwana biyu tef ɗin yana ciki a zafi kaɗan, ina juya shi, kwana ɗaya yana hucewa. Bayan haka dama ɗaya gare ka, ka kwashe duk abin da ya rage. Ranar Asabar da hantsi muka taru a ɗakin ajiya, ni da Saratu da Danjuma. Shi na sa ya kama layukan duka a laftof ɗinsa, domin wannan ɓangaren ya fi ni iyawa, kuma ina so ya ji da kunnensa.

Na fara buɗe layi na ashirin da huɗu, inda bakinta yake dab da makirfo. Gefen tef shi ke fara lalacewa. Babu komai sai huci da guntun kalma nan da can. Saratu ta rufe ido. Na rufe wannan, na buɗe na goma sha biyu, na makirfon da na rataye a sama da hannuna. Sai ga ta. Daga nesa, siminti yana mai da maganar, amma ita ce, har da yadda take jan numfashi kafin ta ce Ubangiji. Ga 'ya'yan nan masu gashi. Ga Bitrus, ga Hannatu, ga Yohanna. “Da 'yar autata…” Shiru. Daidai wurin ne muryar ta riƙa ɗaukewa Danjuma yana tsayar da inji, tef ya manne a kan ƙarfe, ya kankare daga gefe zuwa gefe. Daƙiƙa biyu babu ko huci. Sannan, “…wurin kakarta, ka buɗe mata hanya ta zo in gan ta da idona.”

Danjuma ya share fuska da hannun riga. Ya ce, “Mummy, I can fix it. Akwai manhajar da za ta koyi muryar Kaka ta faɗi sunan, ba wanda zai gane.”

Na buɗe baki zan sauke masa abin da ya rage a cikina, Saratu ta riga ni.

“Manhaja ce ta haife ni? Bar shi haka.”

Ta dubi audugar da ke kan murfin kwali ta ce mene ne wannan. Na ce abin da ya kankare ne. Ta ce, “Wato sunana yana nan ciki.” Na ce yana nan, amma babu injin da zai sake karanta shi. Ta ɗauka, ta naɗe a takarda, ta sa a tsakiyar Baibul ɗinta.

Ranar sujadar tunawa aka saka addu'ar yadda take. Wasunku kuna wurin, kuna bayan coci kuna latsa waya. Cikin matan nan bakwai biyu ne suka rage, suna zaune a benci na gaba, ɗaya ba ta gani sosai. Da muryar ta kai “da 'yar autata”, lasifika ta yi tsit, sai tsofaffin nan biyu suka ce da ƙarfi, baki ɗaya, “Saratu.” Suna wurin ranar da aka yi addu'ar, ba su manta ba.

Mutane sun ce abin ya yi kyau, har wasu suna cewa in huce. Ban huce ba. Saratu ta roƙe ni ta ji sunanta daga bakin uwarta sau ɗaya, kuma ba za ta ji ba. Na bi kowane kwali a ɗakin nan na rubuta da jan alƙalami cewa kada a kunna sai an tambaye ni. Duk wanda ya sake cewa a gabana aikin nan da waya ma ana yi, zan kama hannunsa in sauko da shi ƙasa, in zaunar da shi, in kunna masa daƙiƙa biyun nan ya saurara.